Tudun Mainasara

Titin da ya ratsa Daura ba namu ba ne mu kaɗai. Waɗanda suka san taswira sun ce daga bakin teku ya taso, can Legas, ya hauro ta Kaduna da Kano, ya shigo birnin nan, ya fita ta Kongolam, ya keta Nijar da Sahara, bai numfasa ba sai da ya dangana da wani tekun a Aljeriya. A duk tsawon wannan tafiya, da manyan biranen da ya ratsa da gwamnatocin da ya gani suka wuce, mutum ɗaya ne tak ya taɓa sa shi ya rusuna. Sunan mutumin Mainasara. Mai walda ne, rumfarsa tana gab da fita gari idan ka nufi iyaka, a hannun dama, ƙarƙashin wata darbejiya.

Rusunawar dai ba ta fi taƙi guda ba. Tudu ne na jar ƙasa da aka gicciya a kan kwalta, irin wanda ake yi don mota ta rage gudu. Shi ma ɗin, idan aka bi asalinsa, akuya ce.

An haifi Mainasara a cikin gari, a gidan maƙera. Mahaifinsa fartanya yake ƙerawa da lauje da gatari, kuma ya so ɗan ya zauna a gefen zugazugi kamar yadda shi ya zauna a gefen na ubansa. Mainasara ya ce zamanin hura wuta da fata ya wuce. Ya tafi Kano ya yi shekaru a wani gareji, ya dawo da injin walda na hannu, da baƙin tabarau, da wata fahimta da ya tsinto a can, cewa titi mai wannan girma ba zai kasa ciyar da mutum ɗaya ba. Ya kafa rumfa a bakinsa, ya auri Hadiyya, ya zauna yana jira.

Titin bai san da zamansa ba. Motoci suna wucewa a guje, iskarsu tana ɗaga kwanon rumfar ta mayar. Da farko yakan ɗaga musu hannu. Daga baya ya daina, don ya lura babu direban da ke da lokacin ganin hannu. Abin da ya riƙe shi a waɗannan shekaru shi ne ƙafar kujera da ta karye, da murhun gawayi, da ƙyauren gidan maƙwabta, wato dai irin aikin da mahaifinsa ke yi a cikin gari ba tare da ya sayi tabarau ba.

Sai wata Asabar tankar mai ta take akuyar Nagoggo, maƙwabcinsa mai sayar da rake a baro, ta wuce abinta ko waiwaye babu. Akuyar tana da ciki. Al'adar mutanen bakin titi a wannan harka sananniya ce: idan mota ta take abu mai rai, ba a zuwa ofis, ba a jiran kowa, kafin la'asar an yi tudu. Unguwa ta fito, masu fushi da masu taya fushi. Mainasara ya ba da aron shebur da baro. Har yau yana rantsuwa cewa maƙwabtaka ce kawai ta sa shi, kuma babu dalilin da za a ƙi yarda da shi, don a ranar bai san abin da ya yi ba.

Washegari Lahadi, kasuwar Mai'adua. Wanda bai taɓa ganin ƙaramar motar haya ta nufi Mai'adua ranar kasuwa ba, sai a yi masa bayani. Ana cika but da buhuna har murfin ya ƙi rufuwa, a ɗaure shi da igiya, a ɗora wasu buhunan a kan murfin, a zuba mutane a ciki har direba ya koma rabin kujerarsa, sannan a duba ko da sauran wuri. Bayan motar yakan sauka har ya kusa shafar kwalta, kuma abin da ya fi komai kusa da ƙasa a wannan hali shi ne salansa, bututun nan da hayaƙi ke fita ta cikinsa.

Motar da ta fara isowa ta Munzali ce, ɗan gwaggon Mainasara, wato taubashinsa, wanda tun suna yara babu ranar da suka haɗu ba su zolayi juna ba. Munzali ya taho da gudun da ya saba. Aka ji ƙara kamar an jefar da tukunya daga soro. Motar ta yi gaba kaɗan tana ruri, salansar ta zauna a kan tudu tana hayaƙi ita kaɗai.

Munzali ya fito yana riƙe da ƙugu. "Kai ɗan maƙera, wane marar aikin yi ne ya binne mutum a tsakiyar titi?"

"Jama'a ce," in ji Mainasara. "Kai kuma wa ya ce ka kwaso rabin Daura a but?"

"Tun kana koyon riƙe guduma nake bin hanyar nan da wannan lodin."

"To yau ta gaji da kai. Sauke mutanen nan, ku turo ta inuwa."

"Kuma ka yi mini aiki mai kyau, kada ka liƙa mini da miyau irin na gidanku."

"Miyan gidanmu ne ya riƙe fartanyar da ta yi maka tuwo. Miƙo min jak."

Kafin magariba Mainasara ya liƙa salansa fiye da duk waɗanda ya taɓa tun dawowarsa daga Kano. Ya shiga gida idonsa jawur saboda wutar walda, ya ce wa Hadiyya, "Ban faɗa miki titin nan zai ciyar da mu ba?"

"Titin ne, Malam, ko akuyar Nagoggo?"

"Allah ne."

"Haka ne. Allah ya mayar wa Nagoggo da alheri."

Tudun da fushi ya gina ba ya daɗewa. Fushin yakan huce, damina ta zo ta wanke ƙasar, kowa ya manta. Wannan bai wanke ba, domin ya sami mai kula da shi. Mainasara ya mayar da shi aikin rayuwa. Ya gano cewa marmara ta fi jar ƙasa, kuma idan aka kwaɓa ta da tsakuwa da baƙin man da aka juye daga inji, ruwa ba ya cin ta. Ya gano cewa tsayin tudu ilimi ne. Idan ya yi ƙasa, direbobi su raina shi. Idan ya yi sama da yawa, tirela ta maƙale, a tara jama'a, hukuma ta ji labari. Tsakanin waɗannan akwai wani tsayi da Mainasara ke aunawa da tafin hannunsa bayan kowane ruwan sama, tsayin da motar da babu kaya za ta wuce lafiya, mai matsakaicin kaya ta wuce da ɗan ƙarar gargaɗi, mai lodin Mai'adua kuwa ta bar abin da za ta bari.

Saboda haka ne bai taɓa yarda cewa yana cutar kowa ba. "Tudun nan ba ya zalunci," yakan ce wa direba, yana kwance a ƙarƙashin motarsa, tartsatsi yana zuba. "Mai haƙuri ya wuce abinsa. Mai haɗama ne kawai ke tsayawa wurina. Ni na taɓa kiran mota?" Kuma yana da ƙa'idoji. Motar da ta ɗauko gawa ko mace mai naƙuda, kyauta yake yi mata, har ya ba da haƙuri a madadin tudun. Ba ya ƙara masa ƙasa ranar Juma'a. Da wani malamin makaranta ya ba da shawarar a shafa masa farin fenti don direbobi su hango shi daga nesa, Mainasara ya ce almubazzaranci ne, kuma direban da sai an yi masa fenti zai ga gabansa bai cancanci riƙe sitiyari ba. Akwai wani reshen darbejiyar da inuwarsa ke sauka daidai kan tudun da hantsi, ta ɓoye shi sarai. Masu gyaran wayar lantarki sun so su sare shi, ya hana, ya yi musu doguwar nasiha a kan amfanin bishiya a ƙasar da hamada ke matsowa.

Ba shi kaɗai ya ci ba. Inda mota ke rage gudu, nan kasuwa take. Nagoggo ya koma miƙa rake ta taga, har ya sayi awaki da suka fi wadda ta mutu. Mai biredi ya zo, mai ruwan leda ya zo, mai faci ya kafa tayarsa a gefe. Hadiyya ta fara haɗa zoɓo da kunun aya, ana ajiye kular a bakin rumfa saboda fasinjojin da ke jiran a liƙa musu mota, waɗanda ƙishirwa ke kamawa da zarar sun gama faɗa da direba. Wurin ya sami suna. Fasinja yakan ce, "Direba, akwai sauka a Tudun Mainasara," ko a taƙaice "a Tudu," kuma babu mai tambayar wane tudu.

Direbobi suna tsine wa tudun, suna gaisawa da mai shi. Munzali ya ƙirƙiro dabarar hawa a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, idan lodin ya yi yawa kuma ya sauke fasinjoji su tsallaka da ƙafa. Mainasara yana kallon wannan a matsayin rashin yarda tsakanin dangi.

Da salansa ya rufa wa gidansa kwano. Da salansa ya yi wa 'yarsa Khairunnisa kayan ɗaki lokacin da ta gama makarantar koyon jinya ta yi aure. A shekarun da aka rufe iyaka, motoci suka ragu, babu wanda ya kai shi bin labaran duniya a unguwar. Rediyo na rataye a jikin rumfa, kuma yana da ra'ayi mai ƙarfi a kan zumuncin ƙasashen Afirka, musamman ta fuskar zirga-zirgar kaya masu nauyi.

Da labari ya zo cewa za a mayar da titin tagwaye, kowa ya yi murna, har da shi. Lissafinsa mai sauƙi ne: hanya biyu, tudu biyu. Ranar da greda, motar nan mai kankare ƙasa, ta iso wurin, ya je ya tsaya a gefenta ya ɗaga murya ya ce wa direban, "A bi wannan a hankali, yana da tarihi." Direban ya naɗe kansa da rawani har kunne, bai ji ba, ya ɗaga masa hannu alamar gaisuwa. Kafin Mainasara ya koma rumfa, tarihin ya zama tarin ƙasa a gefen hanya.

Aka shimfiɗa sabuwar kwalta, baƙa wuluk, sumul, da shingen siminti a tsakiya. Motoci suka koma gudunsu na da, har da ƙari. Mainasara yakan zauna a kan benci ya bi su da kallo, kowace da salansarta a manne, kamar da gayya. Mai biredi ya tashi. Mai ruwan leda ya tashi. Nagoggo ya zauna, amma raken yana bushewa a baro, don ba a miƙa wa iska rake.

Mainasara ya jira masu aikin suka kwashe kayansu. Wata safiya shi da Nagoggo suka kawo marmara suka mayar da tudun a gurbinsa, daidai inuwar reshen. Bai kai azahar ba. Ma'aikatan da ke kula da titi suka iso da motarsu da rigunansu masu ƙyalli. Ba su kama kowa ba, ba su ɗaga murya ba. Sun dai roƙi Mainasara, cikin ladabi, ya kwashe abin da ya zuba da shebur ɗin da ya zuba shi, sannan ya share wurin. Aka karɓo tsintsiya a wurin Hadiyya. Allah ya kawo Munzali, ya faka motarsa a gefe, ya ce wa fasinjojinsa duk mai sauri ya yi haƙuri, akwai abin da ba a gani kullum.

"Taubashi, ga saura can gefen ƙafarka. Share da kyau, titin ƙasa da ƙasa ne."

"Wuce ka ba ni wuri, mai motar da ake tadawa da addu'a."

"Ina zan wuce? Yau ni ne na tsaya da kaina, ba tudu ne ya tsayar da ni ba."

Da zai tafi, babban ma'aikacin ya yi wa Mainasara bayani a hankali. Ya ce yanzu ba a yin tudu sai hukuma ta yi da kanta, kuma ba ta yi sai inda akwai dalili, kamar makaranta ko asibiti. Mainasara ya mayar wa Hadiyya tsintsiyarta, ya riƙe kalmar dalili.

Akwai makarantar firamare a bakin titin, kafin a iso rumfarsa idan an fito daga gari, nisan da idan ka ƙwala wa mutum kira sai iska ta taimaka zai ji. Shekara da shekaru Mainasara bai san ta da komai ba sai hayaniya da wani ƙyaure da ya taɓa liƙa musu. Yanzu ya dube ta da sabon ido. Yara da yawa daga tsallaken titi suke zuwa, kuma tun da aka yi tagwayen hanya iyaye ke cikin fargaba. Ga dalili, a tsaye, da tuta da ƙararrawa.

Inda za a sa tudun kuwa bai taɓa zama tambaya a ransa ba. A kasuwa, wanda ya saba shimfiɗa buhunsa a wuri, wurin nasa ne, ko ya yi jinyar wata uku zai dawo ya tarar an bar masa. A masallaci kowane dattijo an san gefen da yake tsayawa. Tudu ma yana da gurbinsa. Idan hukuma ta yarda a yi tudu a wannan yanki, ina za ta kai shi in ba Tudu ba? Ai sunan wurin ke nan.

Ya kafa Ƙungiyar Kare Rayukan Masu Tsallaka Titi, shi ne shugaba, Nagoggo mataimaki, mai faci sauran jama'a. Ya yanko rodi ya lanƙwasa, Hadiyya ta ɗinka masa jan ƙyalle daga wani tsohon zane. Ya fara tsayuwa a ƙofar makarantar safe da lokacin tashi, yana ɗaga tutar yana tsayar da motoci yara su wuce. Niyyarsa ya yi mako guda, manya su gani, su ji kunya, su yi tudu. Sai dai manya ba sa bin hanyar a wannan lokacin. Mako ya zama wata, zangon karatu ya ƙare, wani ya shiga, damina ta same shi a wurin da buhu a ka. Yaran suka sa masa suna Baba Mai Tuta. Ba da son ransa ba ya san sunayensu, ya san wanda ke makara, ya san wadda ke tsallakawa ido rufe. Iyaye mata suka fara aiko masa da kunu da ƙosai.

Bai tsaya nan ba. Ya je wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai shi gaban hakimi, aka sa masa albarka. Ya riƙa kiran wani shirin rediyo da ake ba masu sauraro dama. "Ni ba don kaina nake magana ba," haka yake farawa kullum. "Ni mai walda ne, me ya haɗa ni da tudu? Yaran nan nake ji." Ya faɗi wannan sau da yawa har wata rana muryarsa ta karye a tsakiyar magana, mai gabatarwa ya ce a ba Baba ruwa. Nagoggo, da ke tsaye kusa da shi, ya rantse hawayen gaske ne.

Hadiyya ce kaɗai ta taɓa ɗaga maganar, tana tankaɗen gari. "Malam, in sun zo suka tambaye ka inda za a sa, me za ka ce?"

"Wa zai tambaya? Wurin sananne ne."

"A wurin wa?"

"A wurin kowa. Je ki tasha ki ce Tudu ki ga inda za a sauke ki."

"Masu titin a tasha suke?"

Ya ce mata harkar hukuma ba tankaɗe ba ce.

Masu titin suka zo wata Talata da safe. Injiniyan matashi ne mai suna Yazid, da farar hular kwano da ladabi mai yawa. Ya tarar da Mainasara a bakin aikinsa na tuta, ya rusuna ya gaishe shi da hannu biyu. Ya ce mahaifiyarsa ce ta ji Baba a rediyo, ta kira shi ta ce idan bai yi wa wannan bawan Allah abin da yake nema ba kada ya zo mata gaisuwar Juma'a. Kafin a jima an taru: hedimasta, da mai unguwa, da iyaye, da Nagoggo da baronsa.

"Baba," in ji Yazid, "kai ka fi kowa sanin wurin nan. Nuna mini daidai inda yaran ke tsallakawa."

Mainasara yana tsaye a kan wurin. Takalminsa ma ya yi shaida a ƙasar gefen kwaltar. Ya dubi tutar da ke hannunsa, ya dubi darbejiyar can nesa.

"To, Injiniya, nan ne. Amma fa wasu sukan taka har can gaba, wajen bishiyar can. Can ɗin ma akwai haɗari ƙwarai. An taɓa rasa rai a wurin."

"Subhanallahi. Yaro?"

"Akuya ce," in ji Nagoggo. "Tawa. Da ciki."

Hedimasta ya matso. "Injiniya, kada tawali'un Baba ya ruɗe ka. Da can ne suke zuwa wajen bishiyar. Tun da ya fara tsayuwa a nan, babu yaron da ke wuce ƙofar nan. Shi da kansa ya hana su."

Gaskiya ne. Ya hana su, don wata rana ya ga wata ƙaramar yarinya ta tsallaka a can ita kaɗai, tirela ta wuce ta da kaɗan, ya kwana biyu bai ci abincin kirki ba.

Iyaye suka amsa da cewa wallahi haka ne, Allah ya saka wa Baba. Yazid ya sa aka kawo fenti aka yi alama a kwalta, daidai gaban takalmin Mainasara.

Mainasara ya gyara murya. "Tsayin fa, Injiniya? Don direbobin nan sai da tsayi."

"Kada ka damu, Baba, na zamani za mu yi maka. Mai faɗi ne, a hankali yake hawa, a hankali yake sauka. Dole mota ta rage gudu, amma ko wadda ta fi kowace lodi, babu abin da zai taɓa ƙasa."

"Babu abin da zai taɓa?"

"Ko kaɗan. Irin waɗancan na da, masu cire wa mutane salansa, ai zalunci ne. An daina."

Kowa ya juyo yana kallon Mainasara, ana jiran farin cikinsa.

"Alhamdu lillahi," in ji shi.

An yi aikin da kyau, babu mai musu. Tudu ne na kwalta, an yi masa zanen rawaya da baƙi, an kafa alluna tun daga nesa masu gaya wa direba abin da ke gabansa, an sa fitila mai aiki da hasken rana. Babu bishiya kusa. Ranar buɗewa aka shimfiɗa tabarmi, yara suka yi waƙa, mai unguwa ya ce da kowace unguwa tana da mutum ɗaya irin Mainasara, wanda ba ya neman komai don kansa, da ƙasar nan ta gyaru. Aka ba shi hula da takardar yabo. Aka ce ya yi jawabi, ya tashi ya ce shi ba shi da abin cewa, aka yaba da wannan ma.

A wannan makon ne Nagoggo ya tura baronsa ya koma ƙofar makaranta. Ya zo ya yi sallama tukuna, ya ce mataimakin shugaba ya kamata ya kasance kusa da aikin ƙungiya. Mai biredi ya dawo, can. Mai ruwan leda ya dawo, can. Kular zoɓon Hadiyya ma can take yini, a gefen baron Nagoggo, kuma Hadiyya ta ce ciniki ya fi na da, don fasinjan da motarsa ba ta lalace ba ya fi sakin hannu. Har sunan ya tashi ya bi su. Yanzu idan ka ce a sauke ka a Tudun Mainasara, ƙofar makaranta za a sauke ka, ka tako da ƙafa idan shi kake nema.

Mainasara ya so ya ajiye tutar, tunda ga tudu. Kwana biyu bai fito ba, iyaye suka yo tawaga har gida suna tambayar ko lafiya, da kwanon kunu, wata tsohuwa har da kuka. Ya koma. Yana can kowace safiya da kowane tashi, da hular da aka ba shi. Tsakanin nan yana rumfa, yana liƙa ƙafar kujera da murhun gawayi da ƙyauren gidan maƙwabta.

Munzali yakan tsaya wani lokaci, don zumunci. Kwanan baya ya leƙo ta taga ya ce, "Taubashi, ka san salansar nan tun bara ban taɓa ta ba? Har ta fara tsatsa don zaman lafiya."

"Kawo in duba maka. Tsatsa ba abin wasa ba ce."

"Allah ya kiyaye. Ka gaida Hadiyya. Kuma wallahi duk direbobin tasha suna yi maka addu'a, sun ce ba su taɓa hawa tudu mai daɗin naka ba."

Yaran suna tsallakawa lafiya. Motocin Mai'adua suna isowa ƙofar makaranta da lodinsu, su hau tudun a hankali, su sauka da salansarsu. Daidai ƙofar rumfar Mainasara suke sa giya ta uku.